ZAUREN MALAM: Dokin Mai Baki Ya Fi Gudu

  

Zancenmu na wannan wata zancen doki ne, kuma a wajen addu'a muka samo shi. Kwanan baya mun je addu'ar arba'in ta wani dattijo a Mamobi, mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana aikin barga a tsohon filin sukuwa na Ankara. Bayan an shafa fatiha, an raba goro da masa, sai tsofaffi suka ja kujeru gefe guda a ƙarƙashin rumfa suka shiga tuna da. Wani Alhaji ya ce shi dai a duk dawakin da suka taka wannan fili bai ga kamar wani akawal na wani attajiri a Tudu ba. Na kusa da shi ya ce Alhaji ya manta ne, akwai wata goɗiya da aka kawo daga ƙasar Gurma wadda ta ba akawal ɗin nan kashi har sau biyu. Na ukunsu ya rantse cewa goɗiyar ba daga Gurma ta zo ba, kuma ba goɗiya ba ce ma, kili ne na wani ɗan Labanan. Gardama ta yi zafi har aka fara buga sanda a ƙasa. Da muka tambayi sunayen dawakin da shekarun da aka yi waɗannan tsere, sai kowa ya kawo nasa dabam. A ƙarshe wani ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Wanda zai raba mana wannan gardama ai shi ne muka zo yi wa addu'a." Sai wuri ya yi tsit.

Hausawa sun ce dokin mai baki ya fi gudu. Ran nan mun ga gaskiyar wannan magana da idonmu, domin wanda ya fi kowa ɗaga murya shi ne dokinsa ya ci tsere.

To, a cikin masu sauraro akwai wani ɗanmu da ya zo hutu daga Amurka, inda yake tuƙin tasi a unguwar Bronx ta birnin New York, wurin da 'yan Zango suka yi yawa har in ka shiga wasu masallatai sai ka ɗauka a Nima kake. Ya durƙusa ya ce, "Baba Alhaji, ku yi mini izini in faɗi abin da na gani." Aka ce ya faɗa. Ya ce arewa kaɗan da inda suke akwai wani gari Yonkers, da filin tseren dawaki a cikinsa, yakan kai fasinja can. Ya ce mutanen nan in ka tambaye su wane doki ne ya fi a shekara kaza, ba a gardama, littafi ake buɗewa, domin kowace shekara suna zaɓen Dokin Shekara su rubuta sunansa. Tsofaffi suka yi dariya suka ce Nasara ba ya rasa abin yi. Mu kuwa maganar ta tsaya mana a rai, shi ya sa muka bi diddiginta don mu kawo muku.

Irin tseren da yaron nan ya gani ba irin sukuwarmu ba ce. Ba a ɗaura wa dokin sirdi, ba a hawansa. Wani ɗan ƙaramin keke mai taya biyu ake ɗaura masa a baya, mara nauyi, direba ya zauna a kai ya miƙe ƙafafu, ya riƙe dogon linzami. Abin mamaki kuma, an hana dokin yin sukuwa. Sassarfa kawai aka yarda ya yi, ita ma iri biyu ce. A iri na farko doki yana jefa ƙafar gaba ta dama tare da ta baya ta hagu, kamar yadda kowane doki yake yi. A iri na biyu kuwa ƙafafun gefe ɗaya ne suke tafiya tare, dama da dama, hagu da hagu, irin tafiyar raƙumi. Dokin da ya ɓalle da sukuwa a tsakiyar tsere, a Amurka dole direbansa ya ja shi gefe ya rage gudu har ya koma sassarfa, a Faransa kuwa fitar da shi ake yi. Saboda haka wannan wasa na ladabi ne da horo, ƙarfi kaɗai ba ya kai doki ko'ina a cikinsa. Yawancin tseren Amurka mil ɗaya ne, wato kilomita ɗaya da mita ɗari shida da 'yan kai.

Zaɓen Dokin Shekara na wannan wasa an fara shi a Amurka a 1947, kuma wani doki mai suna Victory Song ne ya fara ci. 'Yan jaridar da suke bin wasan, waɗanda suke da ƙungiyarsu ta musamman, su ne ƙashin bayan masu jefa ƙuri'a. A ƙarshen shekara sai a dubi abin da kowane doki ya yi, tsere nawa ya shiga, nawa ya ci, da wa da wa ya kara, cikin minti nawa ya gama mil. Ba a haɗa yaro da babba a awo ɗaya. An raba dawakin aji goma sha biyu, 'yan shekara biyu dabam, 'yan shekara uku dabam, manya dabam, maza da mata kowa da nasa, masu sassarfa iri na farko da na biyu su ma kowa da nasa. Daga cikin zakarun nan ake fitar da guda ɗaya a ce shi ne Dokin Shekara, a kira walima a ba masu shi kofi. Wata goɗiya mai suna Proximity ta ci a 1950. Wani Bret Hanover ya ci sau uku a jere, daga 1964 zuwa 1966, shi ne wanda ya shiga tsere 68 ya ci 62. Nevele Pride ya biyo bayansa da nasa ukun, daga 1967 zuwa 1969. Niatross ya ci a 1979 da 1980, goɗiya Moni Maker ta ci a 1998 da 1999. Maƙwabtansu na Kanada su ma suna da tasu lambar tun 1989, wadda suka sa wa sunan wani shahararren direbansu, Joe O'Brien.

Lambobin na Amurka sunan wani doki suke ɗauke da shi, Dan Patch. Kada mai karatu ya ji "Dan" ya ɗauka ɗan'uwanmu ne Bahaushe, sunan mai shi na farko ne aka raɗa masa. An haife shi a jihar Indiana a 1896. Bai taɓa faɗuwa a tsere ba, har ta kai masu dawaki suka daina kawo nasu su kara da shi, sai ya koma tsere da agogo, jama'a suna biyan kuɗi su zo kallo. A 1902 wani ɗan kasuwa mai suna Marion Savage ya saye shi dala 60,000, kuɗin da a wancan zamani ya isa a sayi unguwa. A 1905 ya gama mil ɗaya cikin minti 1 da daƙiƙa 55 da kwata, aka yi shekara fiye da talatin ba a sami wanda ya karya wannan ba. Ya mutu ran 11 ga Yuli, 1916, washegari kuma mai shi ya bi shi. Yau shekara ɗari da 'yan kai ke nan, amma yaron da yake share barga a can ya san sunansa, ya san lokacinsa har da kwatan daƙiƙa.

Wannan riƙon lissafi shi ne tushen abin nasu gaba ɗaya. Tun a 1879 masu kiwon irin waɗannan dawaki suka kafa ƙa'ida cewa ba za a shigar da doki cikin littafin asali ba sai ya iya gama mil ɗaya da sassarfa cikin minti 2 da daƙiƙa 30, ko kuwa 'ya'yansa sun iya. Daga wannan ma'auni ne irin dawakin ya samo sunansa. Kusan dukansu jikokin wani ingarma ne guda, Hambletonian, wanda aka haifa a 1849, kuma kowane doki ana iya bin salsalarsa uba da kaka har a kai gare shi, kamar yadda malamanmu suke bin isnadi. Da yake ana rubutawa, mai kiwo ya san wace goɗiya zai kai wa wane ingarma. Sakamakon haka, mil ɗin da ake fama a gama cikin minti biyu da rabi, a watan Yuli na 2022 wani doki Bulldog Hanover ya gama shi cikin ƙasa da minti 1 da daƙiƙa 46, ya kuma zama Dokin Shekara na wannan shekara.

Amma abin da ya fi taɓa mu a cikin labarin duka shi ne ba doki kaɗai ake karramawa ba. Akwai lambar direba, da ta mai horarwa, da ta mai kiwo, har da ta ɗan barga, wato wanda yake tashi da asuba ya kwashe kashin doki, ya wanke shi, ya duba kofatonsa, ya kwana kusa da shi in ba shi da lafiya. A Amurka da Kanada duka ana kiran irin wannan bawan Allah gaban manyan mutane a miƙa masa kyauta. Da muka ji haka sai muka tuna da dattijon da muka je yi wa addu'a. Shekaru nawa ya yi yana wannan aiki? Dawaki nawa suka ci kofi daga hannunsa? Ko takarda guda ba a taɓa ba shi ba, jikokinsa ma wasu a ranar suka fara jin cewa kakansu ya san doki.

Abin kunyar shi ne mu ba baƙin doki ba ne. Kakanninmu fatake da suka bi hanyar Gwanja neman goro, da dawaki da jakai suka iso Salaga, ɗauke da kanwa da tufafi da kayan fata, kuma doki kansa haja ne da sarakunan Gwanja da na Dagwamba suke saye da tsada. Kalmar zango ma ai ta ayari ce, wurin da ake sauke kaya a ɗaure dabbobi a kwana. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 ne jama'a suka watsu, wasu Karachi, wasu Kumasi, wasu nan Ankara, inda Malam Naino ya riga ya kafa zango, ɗansa Malam Baƙo kuma ya kafa Sabon Zango daga baya. A ƙasar Hausa sarautu nawa ne suka fito daga barga? Ga Madawaki, ga Sarkin Dawaki, ga Shamaki, ga Sarkin Zagi. Bahaushe bai taɓa cewa "doki" ya yi shiru ba, sai ya faɗa maka ko akawal ne, ko kili, ko danda, ko gunya, ko hurde, ko bidi. Ya san ingarma, ya san ƙuru, ya san duƙushi. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko da ɗansa Sarki Usman Nagogo sun yi suna a harkar sukuwa da ƙwallon doki har Turawa suka sara musu. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun da duniya take alfahari da su. A nan gida kuwa, duk wanda ya taɓa ganin bikin Damba a Yendi ko Tamale ya ga yadda doki yake taka rawa da kiɗa.

Kuma kada a ce ba mu da hanyarmu ta karrama doki. Muna da ita, waƙa ce da kirari. Dubi Ɗanfilinge, dokin Sarkin Gobir na Isa Amadu, wanda Ibrahim Narambaɗa ya yi wa waƙar nan da ake kira Dokin Iska. Sarkin ya rasu, mawaƙin ya rasu, dokin ya daɗe da zama ƙasa, amma har gobe in an sa waƙar a rediyo sai ka ga tsoho ya gyara zama. Wannan shi ne Dan Patch namu. Sai dai fa a lura, Ɗanfilinge ya tsira ne domin ya yi sa'ar mawaƙi, mawaƙin kuma ya yi sa'ar na'urar ɗaukar murya. Dawaki dubu nawa ne suka yi abin da ya yi ba su sami Narambaɗa ba? Akawal ɗin Tudu da goɗiyar Gurma suna cikinsu. Abin da aka bar wa baki, ranar da bakin ya rufe shi ke nan.

Yanzu mu dubi halin da muke ciki a Ankara. Yaran yau da yawa ba su san cewa a tsakiyar birnin nan, kusa da babban filin ƙwallo da ma'aikatun gwamnati, akwai filin sukuwa ba. Ranar Asabar wurin yakan cika, manyan ma'aikata da 'yan kasuwa a rumfa, talakawa a bakin shinge, kuma mahaya da 'yan barga da yawansu 'ya'yan Zango ne, daga Tudu da Sabon Zango da Nima. Sana'a ce da ta ciyar da gidaje. Bayan shekara ta 2000 aka ba da filin don gine-gine, aka ce masu dawaki su koma Borteyman can bayan gari, a inda dawaki suke gudu kuma aka buɗe wani katafaren otal a 2015. Tun daga nan sukuwa ba ta sake komawa yadda take ba. A Kumasi ma haka, filin sukuwarsu ya zama kasuwa, suna kawai ya rage. Ba mu kawo wannan don mu zargi kowa ba, gari in ya girma fili yakan yi tsada. Namu laifin shi ne da aka tashi filin ba wanda ya bi tsofaffin nan da alƙalami.

Dawakin da suka rage mana a Zango kuwa, sau biyu a shekara muke tunawa da su. Ranar salla ƙarama da babba sai a fito da su, a ɗora musu jalala da kayan ado, sarakunanmu su hau, samari su yi ta zamiya a kan babban titin Nima, mata na guɗa, kowa ya ɗaga waya yana ɗaukar hoto. Kwana uku bayan salla, je ka dubi wasu daga cikin dawakin nan. Za ka tarar da su a lungu a bakin kwata, an ɗaure su a turke cikin rana, haƙarƙari a waje, bayansu duk gyambon sirdi, suna kiwo a kan juji suna haɗiyar leda. Wasu kuma an kai su bakin teku a Labadi suna ɗaukar 'yan yawon shaƙatawa daga safe har magariba don 'yan sidi kaɗan. Mun san riƙon doki a kudu ba wasa ba ne. Harawa daga arewa ake kawo ta a mota, dusa ta yi tsada, ga tsando da ciwon sammore da suka hana doki zama a ƙasar kurmi tun zamanin kakanni. Akwai kuma bayin Allah da suke hana cikinsu su ciyar da dokinsu, ka ga dabba tana sheƙi kamar an shafa mata mai. To, amma wa ya san su? Ranar hawa, da mai kula da maras kula duk kayan ado ɗaya ne ya rufe su, tafi ɗaya ake yi musu.

Mun san akwai malaman da tun daga farkon wannan rubutu suke jiran mu zo kan maganar caca, kuma suna da gaskiya. Tseren dawaki na Turawa da caca tare suke tafiya, kuɗin cacar ne ma yake riƙe da filayen. 'Yan'uwanmu na Lome da Wagadugu da Yamai da Abijan sun san wannan sarai, domin a can ana sayen tikitin PMU a kan dawakin da suke gudu a Faransa. Akwai magidancin da bai taɓa shafa wuyan doki ba, amma ya san filin Vincennes na birnin Paris, ya san babban tseren keken doki da aka fara a 1920 wanda ake yi can a ƙarshen Janairu, ya san labarin Ourasi da ya ci shi sau huɗu tsakanin 1986 da 1990, kuma kuɗin cefanen gidansa can suke tafiya. A nan Gana ma mun ga abin da loto da cacar ƙwallo ta waya suke yi wa samarinmu. Wannan haramun ne, ba mu da wata magana a kai. Sai dai tseren kansa ba shi ne cacar ba. Ya tabbata a cikin Buhari da Muslim, daga Abdullahi ɗan Umar, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa an yi tseren dawaki a Madina, waɗanda aka horar aka ba su nisa mai tsawo daga Hafya zuwa Saniyyatul Wada, waɗanda ba a horar ba aka ba su gajere. Ashe raba dawaki aji-aji ma ba Amurkawa suka fara ba. Malaman fiƙihu kuma sun halatta kyautar tsere idan wani ne dabam, kamar shugaba ko mai hali, ya sa ta daga aljihunsa. Saboda haka sai mu ɗauki littafin da lambar yabon, mu bar musu tikitinsu.

Ga shawarar da wannan zaure yake kawowa gaban sarakunan Zango da limamai da masu dawaki. A kafa lambar Dokin Shekara ta Zangunan Ankara, a riƙa bayar da ita sau ɗaya a shekara, washegarin babbar salla. Tun da ba mu da filin tsere a kusa, kada a ce gudu ne ma'auni. A auna lafiyar doki da ƙibarsa, da tsabtar kofato da baya, da ladabinsa a cikin taro, da yadda yake amsa linzami ba tare da an fasa masa baki ko an huda masa ciki da ƙaimi ba. A raba su aji uku ko huɗu, duƙushi dabam, goɗiya dabam, ingarma dabam. Alƙalai su zama mutum biyar, a cikinsu lalle a sami likitan dabbobi guda da tsofaffin mahaya biyu, kuma kada wanda yake da doki a cikin gasar ya zauna a kujerar alƙali. Muhimmin abu, kada alƙalan su tsaya ga ranar hawa. Su zaga barga-barga sau biyu ko uku a cikin shekara ba tare da sanarwa ba, su ga inda dokin yake kwana da abin da yake ci. Kyauta ba sai ta yi yawa ba. Buhunan dusa, da damman harawa, da kuɗin magani na shekara, da takardar shaida mai hatimin sarakuna sun isa. Ɗan bargan da ya yi kiwon dokin da ya ci, shi ma a kira shi da sunansa a gaban jama'a, a sa masa riga.

Sa'an nan a sayi littafi babba mai bango mai ƙarfi, a ajiye shi a hannun amintaccen mutum, a kuma sa kwafinsa a kwamfuta. Kowane doki na Nima, Mamobi, Sabon Zango, Fadama, Sukura, Madina, Malam da Ashaiman a rubuta sunansa, da launinsa, da shekarunsa, da garin da aka sayo shi, da mai shi, da mai kula da shi. Shafukan farko kuwa a bar wa na da. Ɗalibanmu da suke jami'a a Legon da sauran makarantu su ɗauki wayoyin nan da suke yini suna latsawa, su je su durƙusa gaban tsofaffin mahayan da suka rage, su ɗauki muryarsu. In sun saɓa wa juna a rubuta duka, wane ya ce kaza, wane ya ce kaza. Tsofaffin jaridun ƙasar nan suna ajiye a ma'ajiyar tarihi ta gwamnati a nan Ankara, mai haƙuri zai iya bin shafukan wasanni ya gwada maganar tsofaffi da abin da aka buga. Wataƙila a can ne za a raba gardamar Mamobi.

Wani zai ce, Malam, ga kwata ta cika, ga yara ba aikin yi, ga kuɗin makaranta, kai kuma kana zancen doki? Mun ji, kuma waɗannan matsaloli mun sha kawo su a wannan zaure, za mu kuma sake kawowa. Amma a tuna, yaron da ya iya kiwon doki yana da sana'a. 'Yan sanda da sojoji suna da rundunar dawaki, masu ƙwallon doki na Ankara suna neman 'yan barga, masu biki da masu naɗin sarauta suna hayar doki. Baduku mai ɗinka sirdi, da maƙeri mai ƙera linzami da likkafa, da mai kawo harawa, duk a jikin doki suke ci. Yaron da ya tashi da asuba don dabba tana jiransa kuma, da wuya ka same shi a inda ake shaye-shaye da tsakar dare. Bayan haka akwai haƙƙin dabbar kanta, wanda za a tambaye mu a kansa gobe kiyama.

Abin da muka fi jin tsoro dabam ne, kuma gara mu faɗe shi tun yanzu. Mun san halinmu. Ranar da aka ce dokin wani talaka a Sukura ya fi na sarki, ko dokin wannan ƙabila ya fi na waccan, ranar za a ga ko da gaske muke. In har za a mai da lambar ta zama ta mai rawani ko ta wanda ya fi ba da gudummawa, to gara kada a fara, domin mun koma gidan jiya, dokin mai baki ya sake cin tsere. Darajar abin nan na Amurka da ya sa ya kai shekara saba'in da 'yan kai ita ce dokin attajiri yakan faɗi, a kuma rubuta cewa ya faɗi. Sarkin da ya miƙa wa talakansa wannan kyauta da hannunsa, girmansa ne ya ƙaru.

Daga ƙarshe muna roƙon masu karatu, duk wanda mahaifinsa ko kakansa ya yi aiki a filin sukuwa na Ankara ko na Kumasi, ko yake da tsohon hoto, ko kofi, ko wata takarda a ƙasan akwati, ya aiko wa wannan zaure ta hannun edita. Za mu buga abin da ya samu da sunan mai shi in ya yarda, hotuna kuma za a mayar wa masu su. Tsofaffin nan uku na Mamobi mun riga mun yi musu alkawarin komawa da alƙalami da takarda, kowannensu a ranarsa dabam, don kada sanda ta sake tashi.

Allah ya jiƙan dattijon da ya zama sanadin wannan zance, ya sa aljanna ce makomarsa, mu kuma ya kyautata namu ƙarshe.